Don Allah ta yaya ake tunkarar 'yan majalisa a nan Amurka kan kuɗin makarantun koyon sana'a?

Maman Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a ƙasar nan suka san kan siyasarta. A jihar Ohayo muke zaune, yarona yana aji goma zai shiga sha ɗaya, shi kuwa tun yana ƙarami ba abin da yake so kamar haɗa wayoyi da taɓe-taɓen lantarki, to akwai cibiyar koyon sana'a da makarantun sakandaren yankinmu suke tura yara, ya cike fom na ajin lantarki aka ce wai babu gurbi, aka sa shi a layin jira, kuma ba shi kaɗai ba yara ne da yawa. Na je na tambaya malamar da take ba su shawara ta ce min wallahi ba yin su ba ne, ɗakin aikin ya cika, malamin guda ɗaya ne, kuɗin ɗaukar na biyu kuma babu. Ta ce in muna son abu ya canja sai dai mu iyaye mu yi wa 'yan majalisa magana.

To ni nan ne kaina ya kulle. Wace majalisar? Ta tarayya a Washinton ko ta jiha a Kolombos, babban birnin Ohayo? Na biyu ni girin kad gare ni ban zama 'yar ƙasa ba tukuna, ba na zaɓe, wa zai saurari wanda ba shi da ƙuri'a? Kuma ba zai jawo min matsala a takarduna ba? Na uku in ma na samu shiga me zan ce musu, don Turancina na kasuwa ne ba na majalisa ba. Mu kusan iyaye shida ne abin ya shafa a masallacinmu, duk mun ce za mu yi amma kowa yana jiran wani ya fara.

Malam Walda:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni walda nake koyarwa a wata makarantar, ba a jiharku ba, amma ciwon iri ɗaya ne ko'ina, bari in faɗa miki abin da na sani ta ɓangaren tarayya tukuna.

Kuɗin da gwamnatin tarayya take bayarwa na koyon sana'a a ƙarƙashin wata doka yake da kowa ke ce wa Perkins, sunan wani ɗan majalisa ne daga Kentaki, Carl Perkins, an sa wa dokar sunansa a 1984, amma asalin abin ya girmi kakanninmu, tun 1917 tarayya ta fara sa kuɗi a koyon sana'a da dokar Smith-Hughes. Wadda ake aiki da ita yanzu ita ce ta biyar, Trump ya sa mata hannu a ƙarshen Yulin 2018 kuma jam'iyyun biyu duk sun goyi baya, wannan ki riƙe shi don yana da amfani, ba batu ba ne da za ki shiga ofis ki tarar da mai adawa da shi a fili, kowa cewa zai yi yana so. Matsalar ita ce so na baki daban, sa kuɗi daban. Dokar izini kawai take bayarwa, kuɗin kuwa sai an zauna kowace shekara an ware shi a kasafi, a ƙaramin kwamitin da yake raba kuɗin ma'aikatun ƙwadago da lafiya da ilimi. A 'yan shekarun nan abin bai wuce dala biliyan 1.4 da ɗoriya ba a shekara, kuma na duk ƙasar ne fa, jihohi 50 da sauran yankuna, sakandare da kwalejojin shekara biyu duk a ciki. Kin ji biliyan za ki ce da yawa, amma kafin a yanka shi ya iso shagona, abin da ya rage na sandar walda ne da iskar gas da ɗan inji guda in an yi sa'a. Ƙarfe kuma kullum tsada yake, yaro ɗaya kafin hannunsa ya faɗa Allah kaɗai ya san faranti nawa zai ƙona.

Saboda haka in kun je kar ku ce "muna so ku tallafa wa koyon sana'a", wallahi murmushi za a yi muku a ce ai mai gida, wato ɗan majalisar, yana tare da ku ɗari bisa ɗari a ba ku kati a rako ku bakin ƙofa. Abu takamaimai za ku nema. Ku ce muna so ya goyi bayan ƙara kuɗin Perkins a kasafin bana, kuma muna so ya sa hannu a wasiƙar da 'yan majalisa suke zagayawa da ita a kan haka, sannan in ba ya cikin ƙungiyar 'yan majalisa masu kare koyon sana'a ya shiga. Akwai ta a majalisun biyu, a ta wakilai Glenn Thompson na Pensilbeniya ya daɗe yana jan ta, a ta dattawa Tim Kaine na Birjiniya yana cikin waɗanda suka kafa ta. Irin wannan buƙatar ko e ko a'a ce, kuma bayan wata guda za ku iya bugowa ku tambaya ya sa hannun ko bai sa ba.

Lokaci ma abin lura ne. Shekarar kuɗin tarayya 1 ga Oktoba take farawa, amma cinikin tun wajen Maris da Afrilu ake yin sa lokacin da kowane ɗan majalisa yake miƙa wa kwamiti abin da yake so a sa. Shi ya sa ƙungiyar malamanmu ACTE take kai mu Washinton a watan Maris mu bi ofis-ofis. Amma ni a ganina ba sai kun kashe kuɗin jirgi ba, kowane ɗan majalisa yana da ofis a mazaɓarsa, kuma a watan Agusta suna hutu suna gida. Abin da na ga yana aiki fiye da komai shi ne a jawo shi ya zo shagon da ƙafarsa. A sa masa hular walda da safar hannu, yarinya 'yar shekara sha bakwai ta riƙe masa hannu ta nuna masa yadda ake jan layi, ya gwada ya yi kaca-kaca yara su yi dariya a ɗau hoto, sannan a nuna masa takardar layin jira a ce ga yaran da aka mayar gida bana. Ɗan siyasa yana son hoton, mu kuma muna son ya ga takardar, kowa ya samu nasa. Watan Fabrairu ma shi ne watan koyon sana'a a ƙasar, gayyata a lokacin ba ta cika shan wahala ba.

Wani abu kuma, mu malamai hannunmu a ɗaure yake ɗan kaɗan, ba a yarda a yi amfani da kuɗin tarayya wajen kamun ƙafar majalisa ba, kuma makarantu da yawa ba sa son ka yi da imel ɗin aiki ko a lokacin aiki. Shi ya sa malamar nan ta turo ku. Ku iyaye babu wanda zai ce muku don me.

Kawu Direba:

Malam ka yi bayani Allah ya saka, amma ni dai bari in faɗi tawa ko ba za ta yi daɗi ba. Na fi shekara ashirin a ƙasar nan ina tuƙin babbar mota ina sauraron rediyonsu dare da rana, ɗan siyasa ɗan siyasa ne ko a ina yake, wanda ya sa masa kuɗi a kamfen shi yake ji. Hajiya da ƙawayenta shida su shiga da hijabansu, wani yaro ɗan shekara ashirin da uku zai fito da littafi ya yi ta gyaɗa kai yana rubutu, suna fita ya rufe littafin shi ke nan. Kuma ko an ƙara kuɗin ma yaushe zai iso? Su da ba sa gama kasafi a kan lokaci, Oktoba ta zo su yi na wucin gadi su tura gaba, wani lokacin har a rufe gwamnati. Kafin a gama wannan Sadiq ya gama sakandare ya yi gemu.

In dai za a yi to a yi da wayo. Ku nemo mai kamfanin lantarki ko ɗan kwangila a garin wanda yake neman ma'aikata bai samu ba, ko mutanen ƙungiyar ma'aikatan lantarki masu ɗaukar yara koyon aiki, ku sa shi a gaba. Wannan in ya ce ina da aiki babu hannu, ina mayar da kwangila saboda ba ni da yara, ɗan majalisa zai gyara zama. Ga shi a jiharku ana ta maganar masana'antar Intel da aka sanar tun 2022 kusa da Kolombos, wa zai ja musu wayar? Wannan harshen suke ji. Sannan ki nema wa yaron wata hanyar tun yanzu, kar ki zauna jiran majalisa.

Ummi:

Kawu ina wuni, a gafarce ni, ni ce yarinyar nan mai littafi da kake faɗa, na taɓa yin aikin koyo a ofishin wani ɗan majalisar jiha lokacin ina jami'a, kuma gaskiya ba rufe littafin ake yi ba. Maganarka ta kawo ɗan kwangila daidai ce ƙwarai, amma kar a raina yaran ofis ɗin nan, mai gidan ba shi da lokacin karanta komai, abin da ma'aikacin da ke riƙe da harkar ilimi ya rubuta masa a rabin shafi shi yake shiga da shi kwamiti. In kin samu wannan mutumin ya san sunanki ya san fuskarki kin fi wanda ya gaisa da mai gidan sau ɗaya a wajen taro.

Mama ga yadda abin yake daga ciki. Duk wanda ya bugo waya abu na farko da ake tambaya shi ne adireshi, don a ga ko a mazaɓar yake. Ba a tambayar takardu, ban taɓa jin an tambayi wani ko ɗan ƙasa ne ba. Ɗan majalisa duk mazauna yankin yake wakilta, ƙidayar da ake yanka mazaɓu da ita ma kowa ake ƙirgawa, kina biyan haraji ɗanki yana makarantar gwamnati, kina da ikon kai kuka kamar kowa. Abin da za ki kiyaye guda ɗaya ne kuma babba ne, kar ki yarda wani ya yi miki rajistar zaɓe, kuma kar ki sa hannu a takardar da aka ce ta masu rajistar zaɓe ce kawai, wannan shi ne yake lalata wa mutum takardu. Amma waya da wasiƙa da zuwa ofis ba komai. Turanci kuma kar ya dame ki, wallahi waɗanda suka fi tsaya mana a rai su ne masu magana daga zuciya, saƙon da aka kwafo iri ɗaya mutum ɗari suka turo ƙirga shi kawai ake yi a sa lamba, amma uwa ta rubuta layi biyar da hannunta ta ce ɗana yana layin jira na ajin lantarki a makaranta kaza, wannan ana ware shi a kai ciki. In Washinton za ki aika ki yi imel ta shafinsu ko waya, wasiƙar takarda sai an bi ta an tantance, tana daɗewa.

To amma ni inda zan ɗan saɓa da Malam shi ne, matsalarki ta fi kusa da Kolombos fiye da Washinton. Kuɗin makarantu a ƙasar nan kusan duka daga jiha ne da harajin gidaje na yanki, na tarayya wajen kashi ɗaya cikin goma ne a yawancin shekaru, Perkins kuma ɗan yanki ne a cikin wannan. Kuma ba a gina sabon ɗaki da shi, kayan aiki ne da horar da malamai da makamantansu. Ke kuwa an ce miki ɗaki ya cika malami ɗaya ne, wannan aikin jiha ne da hukumar makarantar. Ohayo kasafin shekara biyu take yi, a shekarun da ba su rabuwa biyu, gwamna ya kawo a farkon shekara, majalisa ta yi ta ja-in-ja har zuwa ƙarshen Yuni, 1 ga Yuli ya fara aiki. A kasafin 2023 an ware dala miliyan 200 don faɗaɗa gine-ginen cibiyoyin koyon sana'a, kuma dalilin da aka yi ta faɗa a lokacin shi ne wannan layin jiran da kike kuka da shi, ke nan ƙofar a buɗe take an taɓa shiga. Ki tambayi shugaban cibiyarku ko sun nema, sun samu ko ba su samu ba, wannan amsar kaɗai za ta gaya miki inda za ki dosa. Majalisar jihar wakilai 99 ne sanatoci 33, mazaɓunsu ƙanana ne, ofis ɗin wani ma'aikaci ɗaya ne ko biyu, iyaye shida su bugo a sati guda a kan abu ɗaya sai an kai wa mai gida labari. Kuma lokacin kasafi kwamiti yana sauraron jama'a, ki tura takardar sunanki da abin da za ki faɗa kwana ɗaya kafin zaman, a ba ki 'yan mintoci, in ba za ki iya tsayawa ba ki tura a rubuce kawai a sa a rikod. In Sadiq zai iya tsayawa ya yi da bakinsa ya fi komai, na ga yadda ɗakin yake yin tsit in yaran FFA, ƙungiyar ɗaliban noma, suka shigo da shuɗɗan jaket ɗinsu ko 'yan SkillsUSA, ta ɗaliban sana'o'in hannu, da jajayen kwat, masu danna waya ma ajiyewa suke.

Masu karantawa daga wasu jihohin ku duba naku, ba ɗaya ba ne, Niyok 1 ga Afrilu shekarar kuɗinta take farawa, Teksas kuma 1 ga Satumba.

Anti Nas:

Duk kun yi magana mai kyau, ni dai ƙari zan yi don ta wannan hanyar na bi, da ƙaramin satifiket na kula da marasa lafiya na fara kafin in hau zuwa nas. In za ku nemi kuɗi kar ku tsaya a "a ƙara", ku tambaya a ƙara a yi me. Don akwai ajin sana'a da yaro zai yi shekara biyu ya fito da takardar da babu kamfanin da ya san ta, akwai kuma wanda zai fito da satifiket da masana'anta ta yarda da shi, da maki na kwaleji a hannu tun kafin ya gama sakandare, wani ma a rage masa lokacin koyon aiki. Na biyun ake nema. Kuma ku san tarihin abin, a da can a ƙasar nan ajin sana'a juji aka mayar da shi, yaran baƙar fata da na baƙi da na talakawa ake turawa ba tare da an tambaye su ba, shi ya sa har yau wasu tsofaffin 'yan gwagwarmaya suke ɗari-ɗari da shi, in kuka haɗu da ɗan majalisa mai wannan tunanin kar ku ji haushinsa yana da dalili, ku dai nuna masa yanzu abin ya juye, yaranmu ne suke roƙon shiga ana hana su. Ku tambayi makarantar ma yadda ake zaɓen wanda zai shiga, in da maki ne da rashin fashi to yaron da ya zo ƙasar jiya yana fama da Turanci ta ina zai samu?

Mu ma sai mun gyara namu, a taron suna kowa ɗansa likita ne ko injiniya, uwa ta ce nawa lantarki yake koyo sai ka ga ana yi mata kallon tausayi, alhali shi zai fito ba bashin makaranta a wuyansa.

Manya kuma da suke son komawa, dokar da aka yi a Yulin 2025 ta buɗe tallafin Pell, wato kuɗin karatu da tarayya take ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ga gajerun kwasa-kwasai na sati 8 zuwa 15 daga Yulin 2026, amma sai jiha ta amince da kwas ɗin, wannan ma abin tambayar ɗan majalisar jiha ne tunda za ku zauna da shi.

Maman Sadiq:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Ummi Allah ya yi miki albarka hankalina ya kwanta a kan maganar takardu. Kawu ka ba ni dariya da gemun Sadiq amma gaskiyarka, mun fara tambayar kwalejin shekara biyu ko za su bar shi ya ɗau darasi ɗaya. Akwai wani ɗan uwa a masallaci da yake da ƙaramin kamfanin gyaran na'urar sanyi da ɗumama gida, maigidana zai yi masa magana. Malam tambaya ta ƙarshe, mu fara da kiran ofishin ɗan majalisar kai tsaye ko mu fara da makarantar? Ina tsoron kar mu je mu faɗi abin da ba haka ba.

Malam Walda:

Makarantar tukuna Hajiya. Ku nemi ganin shugaban cibiyar ku ce ya ba ku alƙaluma uku a rubuce, yara nawa suka nemi ajin bana, nawa aka ɗauka, kuma me ake buƙata a buɗe aji na biyu, malami ne ko ɗaki ko kayan aiki ko duka, da kiyasin kuɗinsa. Ku tambaye shi ma ko da kuɗi a hannu zai samu malamin, don wannan wata damuwa ce, ƙwararren mai lantarki ya fi samu a waje nesa ba kusa ba, sai an daidaita albashi kafin ya yarda ya shigo aji. Sannan dokar Perkins ta wajabta wa duk mai karɓar kuɗin ya yi binciken buƙatun yankinsa aƙalla duk shekara biyu, kuma dole a ji ta bakin iyaye da ɗalibai da masu kamfanoni, ki ce a ba ki kwafin na ƙarshe kuma a sa sunanki a na gaba, yawanci neman iyayen da za su zauna suke yi ba sa samu. Duk wannan ku taƙaita shi a shafi ɗaya, sunan cibiyar a sama lambar wayar mutum ɗaya a cikinku a ƙasa, ku raba magana tun a mota wa zai fara wa zai faɗi buƙatar, don minti sha biyar ake bayarwa ko ashirin in an yi muku kara. Washegari ku tura imel na godiya ga ma'aikacin da ya zauna da ku, a ciki ku sa ranakun da shugaban cibiyar ya ce za a iya kawo ziyara.